Ƙorafi Ga Mai Girma Ministan Lafiya: A Bar Mu Mu Ji Ta Bakin Likita Na Biyu

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,
Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, Abuja.

 

Ranka ya daɗe, masu wannan takarda 'ya'ya ne da jikoki da surukai da ke jinyar iyayensu tsofaffi waɗanda ciwon daji ya kwantar. Ba mu da ƙungiya mai rajista, ba mu da ofis. Bencin asibiti ne ya haɗa mu, inda mutum zai zauna tun bayan asuba da katin mahaifiyarsa a hannu har azahar ta yi, hira ta ɓarke tsakaninsa da na kusa da shi, sai ya ji kamar labarin gidansu ake ba shi. A cikinmu akwai malamin makaranta, da 'yar kasuwa, da direban mota, da tsohon ma'aikaci wanda shi ma furfura ta cika masa kai amma shi ke tura keken mahaifinsa. Daga jihohi daban-daban na Arewa muka fito, muka yi shawara mu rubuto da murya ɗaya.

Kukanmu guda ne. Idan babban likita ya duba tsohonmu ya ce za a yi masa aiki, ko a ɗora shi a kan kemo, ko a tura shi gashi, ko kuwa ya ce babu sauran abin yi sai a koma gida, muna son a ba mu dama mu ji ta bakin wani ƙwararren kafin a sa hannu. A yau wannan ɗan abu yana jawo mana ɓacin ran likita, da riƙe takardu, da asarar layin da muka yi watanni muna bi. Tun farko muna so a shaida cewa ba ƙarar likitoci muka kawo ba. Da idonmu muna ganin likita ɗaya da ɗaki cike da marasa lafiya, tun safe ko ruwa bai kurɓa ba, kuma ma'aikatarka da kanta ta sanar a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya. Waɗanda suka zauna tare da mu sun cancanci godiya. Tsarin da aka bar su a ciki, mu da su, shi muke kuka da shi.

Muna roƙon Mai Girma ya yi haƙuri mu bayyana abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a kan tsoho. Jikin mai shekara 75 ba ya ɗaukar abin da jikin mai shekara 40 ke ɗauka. Ƙoda ta rage ƙarfin tacewa, zuciya ta gaji, galibi ga hawan jini ko ciwon suga, ga ƙwayoyi uku ko huɗu da aka daɗe ana sha. A cikin magungunan kemo akwai mai taɓa zuciya, akwai mai taɓa ƙoda da ji, akwai mai karya garkuwar jiki har ɗan zazzaɓi ya zama abin ba da gado. Don haka a kan tsoho ɗaya likitoci biyu masu ilimi da amana suna iya saɓawa, ba tare da ɗayansu ya yi laifi ba. Dattijon da aka samu da kansar furostet mai tafiyar hawainiya, wani likitan zai ce a yi aiki, wani ya ce allurar da ke danne sinadarin maza ta wadatar, wani kuma ya ce a zuba ido ana gwajin jini lokaci-lokaci, domin da wuya wannan ciwon ya zama ajalinsa. Tsohuwar da ke da kansar mama irin wadda ke ci da sinadarin mata, idan jikinta ba zai ɗauki wuƙa ba, akwai ƙwayar da za ta riƙa sha sau ɗaya a rana a ɗakinta, ta riƙe ciwon tsawon lokaci. Ko gashin ma, wanda a da ake jera shi mako biyar, a wasu nau'o'in yanzu ana gama shi cikin mako uku ko ƙasa da haka, kuma zafin ciwon da ya shiga ƙashi akan sauƙaƙa shi da zama ɗaya tak. Mu masu kwana a barandar asibiti mun san bambancin mako biyar da mako uku, a aljihu da kuma a jikin tsohuwa.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi yi mana ciwo. Wani lokaci furfura kawai ake kallo a yanke hukunci: "Baba ya manyanta, ku kai shi gida ku ci gaba da addu'a." Alhali Baban nan har gobe shi ke hawa kekensa ya tafi gona. Addu'a kam ba mu fasa ba, kuma mun yi imani ajali na hannun Allah, amma shekaru kaɗai ba sa nuna ƙarfin jiki. Tun 2018 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa duk mai shekara 65 zuwa sama da za a ba kemo a fara auna halinsa: yana wanka da kansa, yana yawan faɗuwa, yana cin abinci, tunaninsa daidai yake, wa ke kula da shi a gida. Wannan ba ya buƙatar inji ko dala, tambayoyi ne da ɗan lokaci. Kaɗan ne a cikinmu suka ga an yi wa iyayensu su. Ko ragon layya mutum zai saya, yakan kira wani ya taɓa masa kafin ya biya, kuma mai ragon ba ya fushi. Ina ga ran wanda ya haife ka?

To, ga abin da muke gamuwa da shi.

Na farko, fuskar da ake yi mana. Da ɗa ya tattaro ƙarfin hali ya ce, "Likita, don Allah ko za mu iya nuna wa wani takardun nan?" sai ɗakin ya yi tsit. Wani likitan, Allah Ya saka masa, da kansa zai rubuta sunan abokin aikinsa ya miƙo. Amma da yawa a cikinmu abin da suka ji shi ne, "To ku je can ɗin mana, tunda kun fi mu sani." Iyayenmu kuwa mutanen kunya ne. Tsohuwa za ta jawo gefen rigar ɗanta ta ce ƙasa-ƙasa, "Kai, kada ka ja mana, likita ya fi ka sani." Shi ke nan magana ta mutu, a sa hannu, a fita da shakka a zuci. Wanda ke da ƙane likita ko suruki a ma'aikata ba ya shan wannan. Waya ɗaya za a buga, kafin la'asar manyan likitoci biyu sun duba hoton. Abin da ya kamata ya zama haƙƙin kowa ya koma sanayya.

Na biyu, kuma shi ne gagarabadau, maganar takardu. Likita na biyu ba duban fuska zai yi ba. Yana buƙatar sakamakon naman da aka yanka aka gwada, da hotunan sikanin su kansu a kan faifai, da bayanin aikin da aka yi idan an yi, da sunayen magungunan da aka riga aka ba majinyaci da adadinsu. In mun je tagar masu ajiyar fayil, amsar ɗaya ce: fayil na asibiti ne, ba ya fita. Mun yarda, asalin ya zauna, kwafi muke so. Sai a ce a rubuto takardar neman rahoto. A je a biya kuɗi a wata taga, a kawo rasit a wata, a jira likitan da zai rubuta, shi kuwa yana ɗakin tiyata, ko ya yi tafiya, ko an shiga yajin aiki. Bayan mako biyu ko uku sai a miƙo takarda mai layi huɗu ko biyar, wadda ta ce majinyacin namu ne kuma yana da kansa. Wannan ai mun riga mun sani.

Naman da aka gwada shi ya fi komai wuyar samu, alhali a kansa aka gina duk maganin. Bayan an yanko shi akan daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, ɗan ƙulli da bai kai akwatin ashana ba, a yanki sirara a ɗora a kan 'yan gilasai a duba da madubin likita. Wannan ƙullin yana shekaru bai lalace ba, kuma wani masanin zai iya sake dubawa ya tabbatar da irin kansar, ko ya gyara. Ba kullum ake samun saɓani ba, amma akan samu, kuma idan an samu magani gaba ɗaya yana iya sauyawa. A kansar mama, misali, akwai gwajin da ke nuna ko ciwon yana ci da sinadarin mata, ko yana ɗauke da alamar da ake kira HER2, kuma kowanne da maganinsa. In ba a yi shi ba, lalube ake yi. Da yawa daga cikinmu ba a taɓa gaya mana akwai wannan ƙulli ba, sai da likita na biyu ya tambaya. Muka koma nema, aka ce ba a bayarwa, ko an ce mai makullin ba ya nan, ko an duba ba a gani ba.

Wani ɗan'uwanmu a wannan tafiya ya ba mu labarin da ya sa kowa ya yi shiru. An yi wa mahaifiyarsa aiki a wani asibitin gari. Da aka fito da ita, sai ma'aikaci ya miƙo masa wata robar da aka ɗaure da leda, ya ce naman da aka cire ne, ya kai ɗakin gwaji a babban birni. Ba a ce masa yau ba, ba a ce gobe ba, ba a gaya masa cewa idan naman ya daɗe ba a cikin isasshen ruwan adanawa ba gwajin zai ɓaci. Uwa tana kwance, shi kaɗai ne a kanta, kuɗin mota ya tafi a magani. Robar ta kwana huɗu a ƙarƙashin gado. Da kawunsa ya zo dubiya ya ji abin da ke ciki, sai ya ce ai wannan jikin mutum ne, haƙƙinsa a binne shi, aka kuwa binne. Kawun bai yi don mugunta ba, abin da ya sani ya faɗa. Amma har yau babu likitan da zai iya cewa ga takamaiman irin ciwon da aka cire wa baiwar Allah nan.

Idan takardu suka ƙi fitowa, asibiti na biyu sai ya ce a sake komai daga farko. A sake sikanin, a sake zuba wa tsoho ruwan hoto a jijiya wanda ƙodarsa ba ta so, a sake biyan kuɗin da sai da aka sayar da akuya ko aka ci bashi kafin a haɗa shi, wani lokaci har a sake yankar nama a jikin mai shekara 80. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, maimaita gwaji ɗaya yana iya cinye kuɗin zagaye guda na magani.

Na uku, bayani. Sau da yawa likita da ɗa ne ke magana da Turanci a kan tsohuwa, tana zaune tana bin bakinsu da ido, ita da jikinta. In ta tambaya a ce mata, "Ba komai Hajiya, za a ba ki magani." A ganinmu mai jiki shi ya fi kowa haƙƙin a tambaye shi abin da yake so. Wani tsohon zai ce a gwada duk abin da za a iya. Wani zai ce shi dai a rage masa zafi ya ƙarasa kwanansa a ɗakinsa, yana jin kiran salla daga masallacin unguwarsu. Ba za a san wanne ne ba sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, kuma iyalin da ba su fahimci abin da likita na farko ya faɗa ba, me za su je su tambayi na biyu?

Na huɗu, hukuncin da ke biyo bayan tambaya. In majinyaci yana kwance muka ce za mu kai shi wani wuri a duba, sai a kawo takarda a ce mu sa hannu cewa mun ɗauke shi da kanmu, ba da yardar likita ba. Wannan takarda ta masu ƙin magani ce, mu kuwa ƙarin haske muke nema. Da an sa hannun nan gado ya tafi, ranar aiki ta tafi, sunan da ke layin gashi ya koma ƙasa. Mai Girma ya fi mu sanin cewa injinan gashi a duk Arewa ana ƙirga su da yatsu, layinsu na watanni ne, kuma in inji ya tsaya sai a ce a jira masu gyara. A can asibiti na biyu kuma sabon kati za a yanka, a fara daga ƙaramin likita, a ba da ranar ganin babba. Ciwon kuwa ba ya jiran kowa. Shi ya sa da yawa ke haɗiye shakkarsu su yi shiru, don tsoron kada a yi biyu babu.

Ranka ya daɗe, hana mutum ƙofa ba ya kashe masa buƙata, wata hanyar yake nema. Mai hali ya hau jirgi zuwa Alƙahira ko Indiya ko Landan. Mai ɗan abin hannu ya faɗa hannun dillalan asibitocin waje: ka tura musu hoton takarda ta WhatsApp da safe, kafin dare an dawo maka da lissafi da dala da alkawari mai daɗi. Ba mu taɓa jin dillalin da ya ce wa wani, "Abin da likitanku na gida ya faɗa daidai ne, ku zauna" ba, domin a tafiyar yake cin abinci. An sayar da gidaje da gonaki a kan haka, balle tun daga 2023 da naira ta faɗi, kuma wasu iyayen a akwati aka dawo da su. Talaka kuwa likitansa na biyu shi ne mai maganin nan da ke da lasifika a bakin kasuwa ko fili a gidan rediyo, wanda ya ce yana narkar da daji cikin kwana arba'in. Mun san ƙarya yake. Amma yana ba ka tabarma, ya saurare ka har ka gama, ya yi maka magana da Hausa, kuma ba ya ɗaure fuska don ka ce ka je wani wuri kafin ka zo. Sai bayan wata uku a dawo asibiti da ciwo ya fashe, a yi mana faɗa cewa mun zo a makare.

Abin da ya ƙara mana takaici shi ne, kusan duk abin da muke roƙo an riga an yi mana alkawarinsa a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin bincike da na magani da ake da su, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, da harshen da yake fahimta. Sashe na 30 ya ba kowa damar kai ƙorafi a kuma bincika. A watan Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Kundin Haƙƙoƙin Majinyata, wanda a ciki har da haƙƙin mutum ya samu bayanan jinyarsa a kan lokaci. A 2022 aka sa hannu a dokar inshorar lafiya wadda ta tanadi asusun masu rauni, da tsofaffi a cikinsu. An yi tsarin yaƙi da kansa na 2018 zuwa 2022, aka bi shi da na 2023 zuwa 2027. In aka koma baya, a nan Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, ga shi sama da shekara 20 kason da gwamnatin tarayya ke warewa yana yawo tsakanin kashi 4 zuwa 6. Dokokin nan suna da kyau a takarda. A tagar fayil babu wanda ya san da su, ko kuwa an sani an kau da kai, domin babu abin da ke samun wanda ya ƙi bi.

Ba za mu yi butulci ba. Mun ga an kafa Cibiyar Bincike da Maganin Kansa ta Ƙasa ta fara aiki. Mun san da asusun tallafa wa masu kansa da aka fara da asibitoci shida, ciki har da na Zariya da na Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, kuma akwai a cikinmu waɗanda suka amfana. Mun ji daɗin buɗe cibiyar kansa a Katsina a 2025. Sai dai asusun nan da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet aka fara shi, alhali a yankinmu akwai iyaye da yawa masu kansar hanta, da kansar mafitsara wadda tsargiya ke jawowa, da ta hanji. Kuma alƙaluman hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 sun nuna sama da mutum 120,000 ne ke kamuwa a Nijeriya a shekara, kusan 80,000 kuma suke rasuwa. Gini da inji suna da amfani, amma in gwajin farko ya kauce, inji mai tsada zai gasa abin da ba shi ba ne.

Mun yi haƙuri iyakar haƙuri. Mun yi haƙuri da yajin aiki, da inji ya tsaya, da "ku dawo wani mako." Mun kwana a kan kwali a baranda da sanyin hunturu, mun sayi safar hannu da auduga da kuɗinmu ba mu ce uffan ba. Ba mu taɓa tare ƙofar asibiti ba, ba mu ɗaga wa ma'aikaci murya ba, ba mu kai kowa kotu ba. Wasu da muka fara wannan magana da su, iyayensu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, amma 'ya'yan suka ce a sa da su don na baya.

Saboda haka, cikin ladabi, muna roƙon Mai Girma Minista ya fitar da umarni a rubuce ga duk asibitocin tarayya, ya kuma nemi kwamishinonin lafiya na jihohi su yi haka a nasu, cewa neman shawarar likita na biyu haƙƙin majinyaci ne. A manna shi a bangon kowane sashen kansa da Hausa, boko da ajami, da sauran harsunan yankin, domin tsohuwar nan mai jan rigar ɗanta ta ji cewa gwamnati ce ta ce a tambaya. A cikin umarnin a yanke wa'adi, mu a ganinmu kwana 7 na aiki ya isa, wanda a cikinsa za a ba majinyaci ko wakilinsa cikakken kwafin takardunsa da faifan hotunansa a kan kuɗin kwafi kawai. Ƙullin nama da gilasansa a ba da aronsu da sa hannu, ko asibiti ya aika wa asibiti. A kuma hana miƙa wa dangi naman da aka cire. Kai shi ɗakin gwaji aikin asibitin da ya yi tiyatar ne.

Roƙonmu na biyu shi ne wanda muke ganin zai fi sauƙaƙa wa kowa, har da likitocin. A manyan asibitocin kansa na duniya, likitan tiyata da na kemo da na gashi da mai duba nama da mai karanta hoto sukan zauna tare duk mako su tattauna kowane majinyaci kafin a yanke magani. Wasu asibitocin koyarwarmu suna yin haka. Muna roƙon a mayar da shi dole, a kuma haɗa asibitocin garuruwa da wannan zama ta intanet, yadda takardu ne za su yi tafiya, tsoho yana kwance a gadonsa. Wanda ya taɓa ɗora mai ciwon ƙashi a motar haya daga Nguru ko Yawuri zuwa Zariya ya san abin da muke nufi. Abin da zaman ya yanke a ba iyali a rubuce, a kuma fassara wa mai jikin. In an yi haka, yawancinmu ba ma za mu nemi zuwa ko'ina ba.

Sauran roƙon gajeru ne. Wanda ya tafi jin ta bakin likita na biyu a riƙe masa layinsa na mako biyu, kada a sa shi sa hannu a takardar masu ƙin magani. Inshorar lafiya da asusun kansa su ɗauki kuɗin sake duba nama sau ɗaya da ganin ƙwararre sau ɗaya. A riƙa auna ƙarfin kowane tsoho kafin a ce a ba shi kemo ko a ce ya tafi gida. Idan likitoci biyu suka haɗu a kan cewa ciwon ya wuce warkewa, kada a sallame mu hannu rabbana, a haɗa mu da masu kula da rage raɗaɗi, a samar da maganin zafi mai ƙarfi irin su mofin a kusa da mu, domin akwai iyayen da ihunsu ke hana unguwa barci. Sannan ofishin karɓar ƙorafin da doka ta ambata ya zama yana da mutum a ciki da lambar wayar da ake ɗauka, kuma kada ya kasance a ƙarƙashin sashen da ake ƙorafi a kansa.

Mu ma mun san akwai nauyi a kanmu. Likitan da 'ya'ya goma za su zo masa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tasa tambayar da abin da ya karanto a waya, dole ya gaji. Mun amince kowane gida ya tsayar da mutum ɗaya mai magana. Mun amince shawara ta biyu ta zama ta biyu, kada ta koma yawon asibitoci har lokaci ya ƙure. Abin da aka ba mu aro za mu mayar. In likita na biyu ya ce na farko ya yi daidai, wanda sau da yawa hakan ne zai faru, za mu koma wurinsa da natsuwa, mu bi maganin har ƙarshe ba tare da waiwayen mai lasifika ba.

Ranka ya daɗe, umarnin farko da muka roƙa ba ya jiran kasafin kuɗi, ba ya jiran majalisa, sa hannunka kawai yake jira. Muna roƙon a ba mu amsa a fili, ta rediyo da jaridu, yadda waɗanda ke kan benci a yau za su ji. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi wa Mai Girma jagora a kan wannan amana.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
A madadin 'ya'ya da jikoki masu jinyar iyayensu a sassan kansa na asibitocin Arewa.